Ƙunshi Ɗaya, Lita Ɗaya: Lissafin Da Ke Cikin Ruwan Gishiri Da Sukari

Wata rana cikin zafin bazara, ina zaune a bencin wani ƙaramin gidan likita na ƙauye a ƙasar Tanut, ina jiran a duba wani ɗan'uwana, sai ga wata mata da goyo. Yaron ya kwana biyu yana zawo. Idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya tsunkuli fatar cikinsa ya saki, fatar ta ɗan daɗe kafin ta koma. Ya miƙa mata ƙunshin garin SRO, wato na ruwan gishiri da sukari, da ƙwayoyin zinki, ya ce, "Inna, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya. Kin ji ko? Lita ɗaya cif." Ta ce, "Na ji, likita, Allah ya saka."

Da ta fito gindin dogon yaro, sai ta sayi ledar piya wata guda ɗaya a hannun wata yarinya, ta huda ta da haƙori, ta juye a kwanon sha, ta zazzage ƙunshin gaba ɗaya a ciki. Allah ya sa majo ya hango ta ta taga. Ya fito da sauri yana cewa, "Tsaya, Inna! Kada ki ba shi tukuna. Ƙaro leda ɗaya." Ledar piya wata rabin lita ce.

Matar nan ba ganganci ta yi ba. A tunaninta magani mai ƙarfi ya fi saurin aiki, kuma duk wanda ya san Damargu, ya ga rijiyoyin da sai da raƙumi ko sa ake jan gugansu, ya san ba a wasa da ruwa a nan. Amma tsakanin leda ɗaya da leda biyu akwai wani lissafi, shi ne ɗaliban lise ke koya a ajin farko da sunan konsantarasiyon moler, su rubuta C = n ÷ V a allo, su yi jarrabawa, yawancinsu su manta. Ina so mu zauna mu warware shi da Hausa, domin ba na ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Yana cikin ƙunshin nan, yana jikin ledar ƙarin ruwa, yana kan takardar gwajin ciwon sukari, yana cikin kwalbar jabel.

Kauri, da yadda ake ƙidaya da sikeli

Kowa ya san kauri. Uwargida ta san bambancin fura mai kauri da farau-farau. Mai dafa shayi ya san kofin farko ya fi na uku ƙarfi, ko da ganyen bai canza ba. Abin da muke aunawa da harshe ke nan: yawan abin da aka narkar, idan aka gwada shi da yawan ruwan da yake ciki. Hanya mafi sauƙi ta rubuta wannan ita ce a ce giram kaza a cikin lita ɗaya, kuma sau da yawa hakan ya wadatar.

Inda bai wadatar ba shi ne inda ake bukatar sanin ƙwaya nawa ce a ciki. Je kasuwar Tanut ko ta Belbeji ka sa a auna maka kilo ɗaya na gero da kilo ɗaya na wake. Nauyinsu ɗaya a sikeli, amma in ka ce za ka ƙirga ƙwayoyin, na gero sun ninka na wake sau da yawa, saboda ƙwayar wake ta fi nauyi. Haka abin yake ga gishiri da sukari. Kowannensu tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ƙwayar sukari ta fi ta gishiri nauyi nesa ba kusa ba. Giram goma na gishiri ya fi giram goma na sukari yawan ƙwayoyi. Jikin ɗan Adam kuwa, da duk wani haɗi na sinadarai, da ƙwaya suke aiki: wannan ƙwaya ta haɗu da waccan, ɗaya da ɗaya, ko ɗaya da biyu. Nauyi ba ya gaya maka ko adadin ya yi daidai.

To yaya za a ƙirga abin da ba a gani? Kamar yadda ɗan kasuwa zai yi da gero. In ya san nauyin ƙwaya dubu, ba sai ya zauna yana ƙirga buhu ba. Ya ɗora a sikeli ya raba. Masana sinadarai sun yi wa kansu ma'auni irin wannan, suka sa masa suna mol. Kamar yadda dozin ke nufin goma sha biyu, ko na ƙwai ko na kofi, haka mol ke nufin wani adadi tsayayye na ƙwayoyi, ko na gishiri ko na ruwa ko na ƙarfe. Adadin shi ne 6.022 × 10²³, wato ka rubuta 602 ka jera masa sifiri 21. Ana kiransa adadin Abogadiro, don tunawa da masanin nan na Italiya, Amedeo Avogadro, wanda tunaninsa na shekarar 1811 ya buɗe hanyar. A 1971 aka shigar da mol cikin manyan ma'aunan duniya tare da mita da kilo da daƙiƙa, a 2019 kuma aka tsayar da adadin cif a 6.02214076 × 10²³.

Adadin nan ya fi ƙarfin tunani, don haka mu mai da shi gero. A ce ƙwayar gero ɗari ta yi giram ɗaya. Nijar kan noma fiye da tan miliyan 3 na gero a shekara mai albarka. Kafin a tara mol ɗaya na ƙwayoyin gero, sai ƙasar nan ta yi fiye da shekara biliyan ɗaya tana noma ba a ci ko tsaba ba. Amma mol ɗaya na ƙwayoyin ruwa giram 18 ne kacal, kurɓi ɗaya. Ƙanƙantar ƙwayoyin ke nan.

Abin da ya sa ma'aunin ya yi daɗin aiki shi ne, nauyin mol ɗaya na kowane abu yana rubuce a jadawalin sinadarai, wanda ke manne a bangon ɗakin gwaji da bayan littafin kimiyya. Haidirojin 1, kabon 12, oksijin 16, sodiyam 23, kolorin 35.5, potasiyam 39. In abu haɗi ne, sai a tara. Gishirin miya sodiyam ɗaya ne da kolorin ɗaya: 23 da 35.5, ya zama giram 58.5 a mol. Gulukos, irin sukarin da ke yawo a jininmu, kabon 6 ne, haidirojin 12, oksijin 6: 72 da 12 da 96, ya zama 180. Sukarin shayi ya fi haka, 342.

Daga nan lissafin mataki biyu ne. Ka raba nauyin abin da ka zuba da nauyin mol ɗayansa, ka sami yawan mol; shi ne n = m ÷ M. Sannan ka raba yawan mol da yawan litar haɗin, ka sami kaurin; shi ne C = n ÷ V. Amsar tana fitowa da mol a lita. Da yake abin da ke jikin mutum kaɗan-kaɗan ne, likitoci sun fi amfani da milimol, kashi ɗaya cikin dubu na mol, shi ne kake gani an rubuta mmol/L.

Mu gwada da ledar ƙarin ruwa da ake rataya wa marar lafiya. A jikinta za ka ga an rubuta NaCl 0,9%. Ma'anarsa giram 9 na gishiri a kowace lita. Raba 9 da 58.5, ka sami mol 0.154, wato milimol 154 a lita. Ledar rabin lita kuma fa? Gishirin cikinta giram 4.5 ne, wato mol 0.077, raba shi da 0.5, ka koma 0.154. Kauri bai damu da girman mazubi ba. In ka raba kwaryar fura gida biyu, kowane rabi kaurinsa na nan yadda yake. Abin da ke canza shi shi ne ƙara ruwa, ko rage ruwa, ko ƙara gari.

Mu buɗe ƙunshin

Yanzu mu koma gindin dogon yaro. Ƙunshin SRO na lita ɗaya, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi, giram 20.5 ne, kuma abu huɗu ne a ciki: gulukos giram 13.5, gishirin miya giram 2.6, wani gishiri mai suna sitirat na sodiyam giram 2.9, da gishirin potasiyam giram 1.5. Wanda ya dubi waɗannan lambobi zai ce sukari ya yi wa gishiri rinjaye fiye da sau biyar. Mu mai da su mol mu gani.

Gulukos: 13.5 a raba da 180, ya ba da 0.075, wato milimol 75. Gishirin miya: 2.6 a raba da 58.5, ya ba da kusan milimol 44 da rabi. Gishiri in ya narke rabuwa yake yi gida biyu, sodiyam ya kama gabansa, kolorin ya kama nasa, saboda haka mun sami sodiyam 44 da ɗoriya, kolorin ma haka. Sitirat nauyin mol ɗinsa 294 ne, 2.9 a raba da 294 ya ba da kusan milimol 10, amma kowace ƙwayarsa tana ɗauke da sodiyam uku, sai ta ƙara mana kusan 30. Tara 44 da rabi da 30, ka ga sodiyam ya tashi kusan 75. Gishirin potasiyam, 1.5 a raba da 74.5, milimol 20 ne na potasiyam da wasu 20 na kolorin, kolorin ya zama kusan 65.

Ka ga abin da ya fito? Sodiyam 75, gulukos 75. Abin da sikeli ya nuna kamar rinjaye, ƙidaya ta nuna kunnen doki ne. Ranar da na fara yin wannan lissafi da hannuna na ga lambobin biyu sun zo daidai, na daɗe ina kallon takardar. Mutane sun zauna sun yi wannan awo da gangan, saboda sun gano wani abu game da hanjin ɗan Adam.

A bangon hanji akwai wata ƙofa da sodiyam ba ya shiga ta cikinta sai tare da gulukos. In sun shiga tare, ruwa ya bi su zuwa cikin jini. Masanin Amurka Robert Crane ne ya bayyana wannan a 1960. Babban abin farin ciki shi ne, ko kwalara ta kama mutum, wannan ƙofa tana ci gaba da aiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin ƴan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos a manyan duro ana ba mutane su sha, dangi na shayar da danginsu. Mutuwa ta sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Daga nan duniya ta karɓi wannan magani.

Akwai lamba ta biyu da ta kai ta farko muhimmanci. In ka tara dukkan ƙwayoyin da ke yawo a litar, sodiyam 75, gulukos 75, kolorin 65, potasiyam 20, sitirat 10, za ka sami 245. Ruwan jinin mutum yana wajen 290. Ɗabi'ar ruwa ce ya tsallaka daga inda ƙwayoyi suka yi ƙaranci zuwa inda suka yi yawa, kuma ba ruwansa da ko ƙwayar mai nauyi ce ko marar nauyi, adadi kawai yake bi. Mai yanka nama ya barbaɗa masa gishiri ya ga ruwa na tsattsafowa ya ga wannan da idonsa. Tunda 245 bai kai 290 ba, ruwan da yaro ya sha zai bar hanji ya shiga jini, inda ake bukatarsa. Tsohon haɗin da aka yi amfani da shi tun 1975 yana da sodiyam 90, gulukos 111, jimilla 311. A 2002 aka sauko da shi zuwa na yanzu, bayan gwaje-gwaje sun nuna yara sun fi rage amai da yawan zawo, kuma kaɗan ne ke kaiwa ga ƙarin ruwa.

To, da majo bai leƙo ba fa? Garin bai canza ba, mol ɗin na nan, amma V ya koma 0.5. Raba 75 da 0.5, sodiyam ya zama 150 a lita. Jimillar ƙwayoyi ta tashi daga 245 zuwa 490. Sodiyam na jinin mai lafiya tsakanin 135 ne da 145. Wato abin da za ta ɗura wa yaron ya fi jininsa gishiri, ya kuma fi shi kauri ƙwarai. Ruwa zai juya baya, ya bar jikin da ya riga ya bushe ya koma hanji, zawo ya ƙaru, gishiri ya taru a jini. A ƙaramin yaro wannan kan kai ga suma da jijjiga, har ga rasa rai. Ledar piya wata guda ɗaya ce tsakani.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya gefen. Babbar gorar ruwan roba da ake sayarwa a shago yawanci lita ɗaya da rabi ce. Wanda ya cika ta ya zuba ƙunshi ɗaya, 75 a raba da 1.5, sodiyam ya sauka 50. Wannan bai kai na farko haɗari ba, amma maganin ya tsinke, ba ya mayar wa jiki gishirin da ya zubar yadda ya kamata. Kuma a duba jikin ƙunshin kafin a haɗa, domin akwai waɗanda aka yi don rabin lita. Abin da aka rubuta shi ake bi.

Da wannan lissafi za ka gane dalilin da ya sa lemon kwalba ba maganin zawo ba ne, duk da mutane na ba yara shi da kyakkyawar niyya. Lita ɗaya tana ɗauke da sukari wajen giram 100. Raba da 342, kusan milimol 290. A hanji kowace ƙwayar sukarin shayi tana rabuwa biyu, adadin ya doshi 580, sodiyam kuwa kusan babu. Haka kuma za ka gane dalilin da ya sa yaran da tamowa ta yi wa tsanani, waɗanda ake kwantarwa a cibiyar jinyar tamowa ta CRENI, ake ba su wani haɗi daban mai suna ReSoMal, mai sodiyam 45 da potasiyam 40: jikinsu ba ya jure sodiyam da yawa, kuma yana ƙishin potasiyam. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, ba a haɗa shi a gida.

In ƙunshi ya yanke, kana rugar da ke nesa da gari, haɗin gida da aka sani shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Cokali shida wajen giram 25 ne; raba da 342, ka sami kusan milimol 73, dab da 75 ɗin nan. A shafe ake nufi, ba a tsiri ba. In ka ɗanɗana ka ji gishirinsa ya fi na hawaye, zubar ka sake. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, shi ma a zubar.

A nan ne gishirin da za a yi amfani da shi ya zama abin lura. Tun zamanin kakanni ayarin Abzin ke sauko da gishirin Bilma ta Damargu, su koma da gero. Kantu, wanda ake ba dabbobi, akwai ƙasa da wasu gishirai gauraye a cikinsa. Kanwa kuma wani sinadari ne daban gaba ɗaya. Lambar 58.5 ta tataccen gishiri ce. In rabin cokalin da ka auna ba duka ne gishiri ba, lissafin ya tashi daga aiki tun daga matakin farko.

Takarda biyu, ciwo ɗaya

Mutanenmu na yawan zuwa neman magani Damagaram, wasu su wuce Kano ko Katsina. Dattijo ya yi gwajin sukari a Damagaram, takarda ta ce 1,26 g/L. Bayan wata guda ya yi a Kano, takarda ta ce 7.0 mmol/L. Ya dawo hankali a tashe, yana cewa sukarinsa ya hau daga ɗaya zuwa bakwai. Ka ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, kawo takardun." Raba 1.26 da 180, ka sami 0.007, wato milimol 7. Lamba ɗaya ce aka faɗa da harshe biyu. Ƙaramar na'urar da ake tsira wa yatsa kuma za ta iya nuna 126, domin ita da miligiram a kashi ɗaya cikin goma na lita take magana. Wannan lamba ita ce iyakar da likitoci ke cewa akwai ciwon sukari in an auna mutum bai karya ba, kuma aka maimaita aka sake samun haka. Kafin ka tsorata da lamba, duba ƴan haruffan da ke bayanta. A tuna kuma takardun Nijar da waƙafi suke raba lamba, na Najeriya da ɗigo.

Jabel da bido

Sauran abu ɗaya da ke da amfani a gida, shi ne sirkawa: kana da abu mai kauri, kana son ka tsinka shi zuwa wani mataki. Ƙa'idar ita ce ƙara ruwa ba ya ƙara ƙwaya, ba ya rage ta. Mol ɗin da ke cikin ɗan abin da ka ɗiba daga kwalba su ne dai za su watsu a cikin bido. Saboda haka kaurin farko sau yawan abin da ka ɗiba daidai yake da kaurin ƙarshe sau yawan haɗin ƙarshe. A allo ana rubuta C₁V₁ = C₂V₂.

Shekarar 2021 kwalara ta shiga jihohi da dama na Nijar, har da Maraɗi da Damagaram, kuma duk wanda ya je wurin jinya a lokacin ya ga bokitan ruwan kolorin a bakin ƙofa. Ba kauri ɗaya ba ne a cikinsu. Na wanke hannu kashi 0.05 cikin ɗari ne, na goge ƙasa da kaya 0.2, na zubawa a kan amai da bayan gida kashi 2. Mu ɗauki na wanke hannu. Kashi 0.05 cikin ɗari rabin giram ne a lita. Mol ɗin iskar kolorin giram 71 ne, domin ƙwayoyinta bibbiyu suke tafiya, 0.5 a raba da 71, mol 0.007 a lita. Kwalbar jabel da aka rubuta wa 12° tana da kolorin wajen giram 38 a lita, wato mol 0.54. Kana son cika bidon lita 20. Ninka 0.007 sau 20, ka sami 0.14, raba da 0.54, amsa ta zo lita 0.26. Wato rubu'in lita da ɗan ɗori na jabel, sannan a cika bidon da ruwa har lita 20. In kwalbarka ba 12° ba ce, lissafin ya canza, sai ka sa lambar da ke jikinta.

Wannan ruwa na wanke hannu ne, ba na sha ba, kuma ina so a riƙe wannan da kyau. Kolorin da ake so ya rage a ruwan sha wajen rabin miligiram ne a lita. Rabin giram da rabin miligiram, a rubuce harafi ɗaya ne ya raba su, a ciki kuwa ninki dubu ne. Don ruwan sha, a yi amfani da ƙwayar da aka yi don haka, irin su Aquatabs, a bi adadin litar da aka rubuta a jikinta. Jabel kuma zafi da hasken rana na cinye ƙarfinsa. Kwalbar da ta yi wata da watanni a rumfar kwano cikin zafin Tanut ba ta kai abin da aka rubuta mata ba. A aje shi a inuwa, a rufe, nesa da yara, kuma kada a kuskura a gauraya shi da wani abin wanke-wanke mai tsami, domin iskar da ke tashi guba ce.

Ga ɗalibin da zai shiga ɗakin gwaji, ko a lise, ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko wata rana a matatar mai ta SORAZ da ke nan cikin ƙasar Tanut tun 2011, lissafin kan zo ne a juye. Za a ce maka haɗa mililita 250 na ruwan gishiri mai mol 0.1 a lita. Fara mai da mililita lita: 0.25. Nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa, su raba da 250, amsa ta kauce sau dubu. Ninka 0.1 da 0.25, mol 0.025, ninka da 58.5, giram 1.46. Ka auna shi, ka zuba a kwalbar awo mai dogon wuya, ka sa ruwa kaɗan ka kaɗa har ya narke, sannan ka cika a hankali, ɗigo-ɗigo a ƙarshe, idonka daidai da layin da ke wuyan kwalbar. Dalilin wannan tsari shi ne V na haɗin da aka gama ne, ba na ruwan da aka zuba ba, tunda abin da aka narkar shi ma yana cin wuri. A ƙunshin SRO bambancin bai taka kara ya karya ba, amma a haɗi mai kauri sosai yana da yawa. Ka kuma karanta jikin gwangwanin sinadarin da kyau: wasu gishirai suna riƙe da ruwa a cikin ƙwayarsu, kamar sitirat ɗin nan da 294 ɗinsa ya haɗa da ƙwayar ruwa biyu. In ka ɗauki nauyin busasshe alhali mai ruwa ne a hannunka, ka auna ƙasa da abin da ake so.

A gida babu kwalba mai layi a wuya, amma ana iya yin ta. Matar nan, kafin ta tafi, majo ya karɓi kwanon shanta, ya juye leda biyu a ciki, ya ɗauki ƙusa ya karce inda ruwan ya tsaya, ta ciki da ta waje. Ya ce, "Inna, ko ruwan rijiya kika tafasa, ki bari ya huce, ki cika zuwa nan, sannan ki zuba gari. Cokali-cokali za ki riƙa ba shi, in ya yi amai ki dakata kaɗan ki ci gaba, kada ki daina ba shi nono. In ya ƙi sha, ko ya yi laushi, ki dawo ko da tsakar dare ne." Ta shafa layin da babban yatsanta, ta zauna ta kwanto yaron daga baya, ta fara ba shi.